Khairat da Yatsan Majo Kubura

"...ta ci, na ce muku! Ku ajiye wankin nan, Khairat ce ta ɗaya, tsohuwar kuma ta sha ƙasa!"

Haka na tsaya a tsakar gidan hayarmu na unguwar Ambasatna ina faɗa, ɗaki tara kowa ya leƙo, ɗankwalina a hannu. Wata ta ce in sassauta, wai faɗuwar wani ba abin guɗa ba ce. Mai faɗin haka ba ta san Majo Kubura ba. To yanzu za ta sani. Ni karatuna a aji shida ya tsaya, rubutuna sai haƙuri, amma labarin ƙanwata ba mai ba da shi sai ni.

A Haɗeja aka haifi Khairat. Tana shekara biyar babanmu Malam Inusa ya kwaso mu zuwa Injamena da kayan kolinsa. Hausawan da muka tarar a unguwar Marjandafak, waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin Faransa, baƙin jiya suke ce mana. Larabcinmu na ba su dariya, Faransanci kuwa ba mu da ko ɗigo. Khairat siririya ce, ba ta da surutu, amma akwai riƙo. Tana aji biyu wata yarinya ta fasa mata allon rubutu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Sai da shekara ta zagayo, ranar jarrabawa, yarinyar ta nemi aron alli, Khairat ta kalle ta, ta jefa allin ta taga. Innarmu ta ce wannan 'yar zuciyarta randa ce, abin da aka zuba yana nan.

Da na bar makaranta na kama sayar da karkanji tare da Inna, zoɓo ke nan a bakinmu na gida, Khairat kuma ta yi ta tafiya har ta gama makarantar nas, shekara uku, ta fito da takarda mai hatimi. Mun zata an gama. Ashe nan aka fara. Aiki babu, sai dai benebol, wato ka yi aikin ba albashi kana jiran ranar da za a tuna da kai. Ta samu wuri a wani ƙaramin asibiti can bayan unguwar Waliya, tsallaken kogi, ɗakin yara. Kullum da sassafe ta hau bas, ta haye gada, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Shekara huɗu tana wannan.

Shugabar nas-nas ɗin ɗakin ita ake ce wa majo, kuma majon ita ce Kubura, 'yar babban gida a Marjandafak, shekara talatin da ɗaya a wurin. Gajeriya ce mai faɗi, da haƙorin makka ɗaya, makullin kabad ɗin kayan aiki a rataye a wuyanta kamar laya. Ranar farko Khairat ta miƙa mata takardarta da hannu biyu. Majo ta juya ta gaba da baya, ta shimfiɗa a tebur, ta ɗora kofin shayinta a kai. Har yau zoben shayin yana jikin takardar.

"Sunanki?"

"Khairat Inusa."

"A nan Takarda kike. Ɗauki fo ɗin can ki wanke."

Wata takwas tana wanke fo na yara masu zawo kafin a bar ta ta taɓa allura. Gaban iyayen yara Majo da Larabci take mata magana, da sauri, in ta amsa sai ta kwaikwayi bakinta mata su yi ta dariya. Hausa kuwa ajiye ta take yi sai za ta yi zagi, don ya shiga da kyau. In Khairat ta yi kuskure, da robar ɗaure hannu take tsula mata a bayan hannu. Ran da ta soki wani yaro sau biyu ba ta samu jijiya ba, Majo ta ce ta miƙo nata hannun, ta soke ta sau biyu a gaban uwar yaron, ta ce, "Yanzu kin san abin da ya ji."

Duk wannan da ta haƙura. Amma ran da Innarmu ta rasu, da hantsi na kira ta, ta je ta durƙusa ta ce Majo uwata ta rasu. Majo tana auna magani, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Gado goma sha biyu ne, kin yi huɗu. Ƙarasa. Gawa ba ta gudu."

Gawa kuwa ta gudu. Kafin ta haye gada an sallaci Inna an tafi da ita. Ta tarar da tabarma a jiƙe da ragowar ruwan wanka. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofa da farar rigar aikinta har magariba, ni kuwa da na ga fuskar nan na tuna da allin.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ci haƙƙin tsohuwar ba. Akwai yatsa. Yaron da zawo ya tsotse, jikinsa ya zama kamar busasshiyar kuɓewa, jijiyarsa ɓacewa take yi, kuma in ba a samu jijiya an sa masa ƙarin ruwa ba, tafiya zai yi. To nan Majo take sa safar hannu, ta kai manuniyar dama bakinta, ta ciji kan safar ta yage ta tofar, fatar yatsan ta fito fili. Sai ta rufe ido, ta bi hannun yaron da shi, ta bi ƙafa, ta bi gefen kai. Inda ya tsaya nan allura ke shiga, sau ɗaya. Har daga Kuseri, can tsallaken iyaka, mata ke hayowa da 'ya'yansu saboda yatsan nan. Ba ta sa masa lalle, ba ta ɗaukar tukunya mai zafi da shi, kullum sai ta murza masa man kaɗanya. Sau ɗaya Khairat ta roƙe ta ta koya mata.

"Ba a koyar da shi, Takarda. Duba littafinki."

Bana sai ga masu fararen motoci. Wata ƙungiya ce ta ƙasashen waje, suka ce za su karɓi ɗakin yaran, su kawo magani, su sa wutar rana, su biya albashi. Amma sai sun auna kowace nas tukuna, da mudun da suke auna na sauran ƙasashe, wai da nas ɗin Indiya da ta Kongo da ta Waliya duk mudu ɗaya. Wadda ta faɗi ba albashi. Kujerar majo kuma, in mai ita ta ci tana nan abinta, in ta faɗi a ba wadda ta fi kowa maki. Ka ga ke nan in Kubura ta ci, Khairat ko ta samu albashi a ƙarƙashin robar nan za ta tsufa.

Suka turo wa kowa takardar awon ta waya, abu arba'in a jere, yadda ake sa wa yaro ƙarin ruwa tun daga sallama har zubar da shara. Wasu layukan da jan rubutu suke, ka kuskure ɗaya a cikinsu ka faɗi, ko da sauran duk ka ci. Khairat ta karanta a cikin bas. Na biyu, ka gai da majinyaci ka faɗi sunanka ka nemi izini. Na goma sha huɗu, ja: safar hannu ta kasance lafiyayya, ba huda ba yaga. Na talatin da ɗaya, ja: duk abin da aka buɗe daga leda, an yi amfani da shi ko ba a yi ba, kwandon shara. Ta ce da ta zo kan na sha huɗun sai da ta kife wayar a cinyarta, ta kalli kogi har suka sauka daga gada.

Wayar Majo 'yar ƙarama ce mai maɓalli, takarda ba ta shiga cikinta. Idonta kuma ya daina ganin ƙananan rubutu, amma ta fi son mutuwa da a ga tabarau a fuskarta. Ta kira Khairat gaban kabad.

"Ke Takarda, me Nasaran nan suka rubuto?"

"Ba wani abu ba ne, Majo. Ƙarin ruwa ne. Abin da kike yi kullum."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ki yi yadda kika saba."

Akwai sauran nas biyar a ɗakin, duk suna tsaye suna ji, duk sun karanta. Ba wadda ta yi tari. Kowacce akwai shaidar roba a bayan hannunta.

Sati biyu Khairat tana haddar abu arba'in ɗin nan kamar mai shirin sauka. Ni ce majinyaciyarta. In na dawo daga talla sai ta kwantar da ni a tabarma, ta yi sallama da Faransanci, ta faɗa min sunanta kamar ba ni na goye ta ba, ta nemi izinin taɓa hannuna. Matan gida suna ta dariya. Sa'adiya maƙwabciyarmu, wadda ta yi sakandare, ita ke riƙe wayar tana bin layi, in ta tsallake ɗaya ta ce a koma farko. In na gaji sai ta koma kan matashin kai, shi ma ta gaishe shi.

Ranar awon, a ɗakin ajiya aka yi, an share shi an sa tebur. A kan teburin jaririn roba ne, da jan ruwa a cikin jijiyoyinsa, jijiyoyin kuwa a tsaye suke kamar igiyar guga, makaho ma ya gani. Masu awon biyu ne, wata doguwar mata mai tabarau riƙe da takarda, da wani Bature riƙe da agogo. Khairat ta shiga, ta gai da roba, ta faɗa wa roba sunanta, ta wanke hannu tana ƙirgawa, ta yi komai a layinsa, ta kwashe audugar da ko taɓa ta ba ta yi ba ta watsa a kwando. Ta ce hannunta sai da ya yi nauyi, don a ɗakinsu wannan audugar ta yaro uku ce. Da ta fito ba ta tafi ba, ta zagaya bayan ɗakin inda gilashin taga ɗaya ya fashe, ta tsaya.

Majo ta shigo da sabuwar farar riga an sha guga, tana ƙamshin turaren wuta. Doguwar matar ta ce ta fara. Majo ta kai hannu kan jaririn.

"Ba za ki gaishe shi ba?" in ji matar.

"Roba zan gaisar?" Majo ta yi dariya, ta waiga tana neman wanda zai taya ta. Ba wanda ya taya ta.

Ta sa safa. Ta kai yatsa baki. Khairat ta ce har ƙarar yagewar ta ji daga waje, ta ga guntun safar ya faɗi kusa da takalmin Baturen. Majo ta rufe ido, ta shafa, ta soka, jan ruwa ya hau. Baturen ya kalli agogonsa ya sake kallo, har ya ɗaga gira, don ko daƙiƙa biyar ba a yi ba. Ita kuwa doguwar ba agogo take kallo ba, ta yi 'yar alama a takardarta. Sannan Majo ta ninke ragowar audugar ta zura a aljihu. Ta zare safar hagu, wadda ba ta taɓa komai ba, ta hura mata iska ta miƙe, ita ma aljihu. Shekara talatin kwali ɗaya na safa ake ba ta ya kai wata, hannunta ya saba, ba ta ma san ta yi ba. Matar ta ƙara alama.

Ta fito tana gyara makullin wuyanta, ta ci karo da Khairat.

"Kin ga yadda ake aiki, Takarda?"

"Na gani, Majo. Allah ya ƙara basira."

Aka ce sakamako sai bayan sati uku, za a kira kowa a waya. Cikin sati na biyu likitan asibitin ya zaunar da Majo ya karanta mata jajayen layukan. Ran Juma'a da yamma muna tsakar gida sai ga sallama. Majo Kubura ce, 'yar babban gida, a gidan hayar baƙin jiya, ta zo da ƙafa tun daga Marjandafak, lafayarta duk ta jiƙe da gumi. Na shimfiɗa mata tsohuwar tabarma. Ga karkanji mai ƙanƙara cike da kula a gefena, amma ruwan jarka na ɗebo mata, wanda ya wuni a rana. Ta sha.

Da Hausa ta yi gaisuwa, Hausa mai kyau, ashe ta iya ta ba ta zagi ba. Ta yi mana ta'aziyyar Inna, shekara biyu bayan rasuwa. Sannan ta juya.

"Khairatu. 'Yata. Ki je ki faɗa musu ban ga takardar ba. Ke za su ji maganarki. A sake min awon."

"An turo wa kowa, Majo."

"Kin san wayata. Na tambaye ki."

"Kin tambaye ni, na ce ƙarin ruwa ne. Ba ƙarin ruwa ba ne?"

Tsohuwar ta hau murza yatsan nan da babban yatsanta. Ta ce ba ta san wata hanya a garin nan ba sai ta gada. Ta ce in ta zauna a gida matan ƙannenta za su ci namanta ɗanye. Ta ce ko yaya ne a nuna mata yadda ake gai da robar, za ta gaishe shi.

"Ba a koyar da shi," in ji Khairat. "Sai dai ki duba littafi."

Ni kuma da na raka ta bakin ƙofa na ce ta kwantar da hankalinta, aiki ba ya gudu. Ta kalle ni, ta gane, ta tafi. Wallahi ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Don ku san hali ba ya sauyawa, ga abin da ta yi kwana huɗu bayan nan. Da tsakar rana wata matar masunci daga bakin kogi ta shigo da ɗanta, wata bakwai, kwana uku yana zawo, idonsa ya faɗa, ko kuka ya daina. Khairat ta karɓe shi. Ta wanke hannu, ta sa safa lafiyayya, ta faɗa wa uwar sunanta. Ta soka a hannu, babu. Ɗaya hannun, babu. Ƙafa, babu. Ta huɗu ma babu, yaron ko motsi bai yi ba da allurar ta shiga. Majo tana zaune a benci taku uku daga gadon, ta harɗe hannu a ƙirji tana kallon silin.

"Majo."

"Na'am?"

"Ki zo."

"Layi na nawa ne wannan a takardarki?"

Uwar yaron tana kallon wannan tana kallon waccan, ba ta jin Hausa.

"Majo, don Allah."

"Da Larabci, don uwar ta ji."

Sai da Khairat ta roƙe ta da Larabci a gaban matar, ta ce ni na kasa, sannan ta tashi, a hankali kuma, kamar mai zuwa biki. Ta ciji safa, ta tofar, ta rufe ido, ta bi gefen kan yaron. Sau ɗaya. Yaron ya rayu, amma ku duba muguntar, rai a hannun Allah ita tana jan aji.

Khairat ta dawo ranar ta ƙi cin abinci. Ta zauna tana kallon manuniyarta, tana shafa bayan hannuna da ita ido a rufe, ta ce, "Yaya, ba na jin komai." Na ce to sai me? Da roba aka auna, kuma robar kin same ta. Masu fararen motoci sun fi mu sanin abin da suke nema, da yatsa suke so da sun rubuta yatsa. Na tura mata kwano gabanta.

Yau Alhamis bayan la'asar wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Khairat ta miƙe tsaye. Na fizge na danna lasifika na mayar mata, na jawo Sa'adiya da kumfa a hannunta don ta fassara min. Muryar doguwar matar ce. Tun kafin fassara na tsinci kalma ɗaya da na sani tun aji shida, piramiyer, ta ɗaya.

"Ta ce talatin da tara cikin arba'in," in ji Sa'adiya. "Ta ce daga Litinin ita ce majo. Ta karɓi makullin kabad a hannun Madam Kubura."

"Tsohuwar fa?" na ce. "Ita fa?"

"Ta faɗi. Ja biyu. Tsaya, tana magana." Sa'adiya ta kasa kunne. "Ta ce ba albashi. Amma in tana so a sake auna ta bayan wata shida, sai ta zauna a ɗakin a benebol, a ƙarƙashin sabuwar majo, in sabuwar majo ta yarda. In ba ta yarda ba a sallame ta gobe. Tana tambaya, ta zauna ko ta tafi?"

Na ce ta zauna mana, fo na nan yana jiran ta, wata takwas ma ba shida ba. Khairat ba ta kalle ni ba. Hannunta na dama take kallo, wanda ba ya riƙe da wayar. Matar ta ce alo, alo.

"Ta zauna," in ji Khairat, da Hausa ta fara faɗa, sannan ta maimaita da Faransanci. Matar ta ce an rubuta, ta kashe wayar.